Rangadin Shugaban Elks: Abin da Ke Kai Babba Ƙofar Ƙananan Rassa

Kowace shekara a watan Yuli, wakilan ƙungiyar Elks daga sassan Amurka kan hallara a wani babban birni su zaɓi mutum ɗaya da zai jagorance su. Sunan muƙaminsa Grand Exalted Ruler, kodayake yanzu sukan taƙaita su ce shugaba na ƙasa. Wa'adinsa shekara ɗaya ce tak, kuma galibin shekarar a kan hanya yake cinye ta. Ofishin ƙungiyar yana Chicago, amma ba can ake samunsa ba. Yau yana wannan jiha, jibi yana waccan, shi da matarsa da jakar tufafinsu, yana bin rassan ƙungiyar gari-gari. Duk jihar da zai sauka, tun watanni kafin ranar ake shiri.

Ina zaune a jihar Oregon, a arewa maso yammacin Amurka, kuma na ga irin wannan rangadi da idona. Na fito da ra'ayin cewa liyafa da jawabai da ɗaukar hoto su ne abin da ido ke fara gani, amma abin da ke ƙarƙashinsu shi ne hisabi: me kuka tara, ina kuka kai shi, su wa suka amfana, mutum nawa suka shigo, mutum nawa suka fita. Wannan hisabi shi ya riƙe ƙungiyar sama da shekara 150.

Su wane ne 'yan Elks?

Asalin ƙungiyar ba shi da wani armashi. A 1867 wani mawaƙin dandali ɗan Ingila mai suna Charles Vivian ya sauka a New York. A lokacin doka ta hana buɗe mashaya ranar Lahadi, sai shi da abokansa 'yan wasan kwaikwayo suka riƙa haɗuwa a ɗaki suna shaye-shayensu da raha. Dab da Kirsimetin shekarar ɗaya daga cikinsu ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya babu ko na sayen burodi. Wannan rasuwa ta sauya musu tunani. Ranar 16 ga Fabrairu 1868 suka kafa ƙungiyar taimakon juna. Wajen zaɓen suna, Vivian ya so a sa mata sunan ɓauna, don akwai ƙungiya mai irin sunan a ƙasarsu, amma aka ka da shi da ƙuri'a 8 da 7. Aka ɗauki elk, wata babbar dabbar dawa dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa.

Ginshiƙansu huɗu ne: taimakon mabukata, adalci, ƙaunar ɗan'uwa da riƙon amana. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya zama ɗan Amurka, ya kai shekara 21, ya yarda akwai Allah, kuma wani ɗan ƙungiya ya tsaya masa. Shugabannin Amurka biyar sun kasance mambobi: Harding, Franklin Roosevelt, Truman, Kennedy da Ford.

Na san abin da zai zo wa mai karatu a rai da ya ji ƙungiya mai rantsuwa da ɗakin taro da ba kowa ke shiga ba, domin ni ma ya zo mini. Gaskiya ne suna da tsarin rantsar da sabon mamba, kuma zaman ƙungiya na mambobi ne kaɗai. Sai dai gininsu a bakin titi yake da suna da lamba a jikin allo, sunayen shugabanni ba a ɓoye suke ba, mutanen gari kuma suna hayar zaurensu don bikin aure da taron makaranta. Abin da ya kamata Musulmi ya sani tun farko shi ne kusan kowane reshe yana da wurin sayar da giya a ciki, kuma wani kaso na kuɗin shigar reshen daga nan yake fitowa. Wannan ya ishe ni dalilin da ban nemi shiga ba, duk da ina girmama aikin da suke yi.

Tsani mai hawa huɗu

Ba za a gane amfanin ziyarar ba sai an gane yadda aka jera ƙungiyar. A ƙasa akwai reshen gari. Kowane reshe yana da lambarsa gwargwadon lokacin da aka kafa shi, na New York shi ne na 1. Reshe ne ke da gininsa, da asusunsa, da bashinsa. Shugabansa shekara ɗaya yake yi, daga 1 ga Afrilu, kuma ba albashi ake biyansa ba. Yawanci sai ya bi kujeru uku na mataimaka, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya kai ta sama, don haka ba ya hawa sai ya san kan aiki.

Sama da reshe akwai gunduma, wadda ta haɗa rassa da dama. Shugaba na ƙasa ne ke naɗa wa kowace gunduma wakili, kuma wajibi ne wakilin ya ziyarci kowane reshe a cikin shekara. Wannan ita ce ziyarar da sakatarori da ma'aji ke kwana da ita a rai, domin wakilin kan zauna ya buɗe littafin kuɗi, da rajistar mambobi, da takardun inshora, da bayanan zaman da aka yi, sannan ya rubuta rahoto ya aika sama. Daga nan sai haɗaɗɗiyar ƙungiyar jiha, wadda ke da nata shugaban da nata babban aikin agajin. Can ƙoli kuma sai uwar ƙungiya.

Ke nan kafin shugaba na ƙasa ya taka ƙafarsa a wata jiha, rahoton rassanta ya riga ya isa gare shi. Ya san wanda ke bunƙasa, ya san wanda rufin gininsa ke yoyo kuma babu kuɗin gyara. Ba zai iya shiga kowane reshe ba, don sun yi yawa, saboda haka shugabannin jiha ke tsara masa inda zai tsaya. Sau da yawa akan daidaita zuwansa da babban taron jiha, a kuma sa wani tsohon shugaba na ƙasa da ke kula da yankin ya yi masa rakiya.

Ranar da ya zo garinmu

Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya daga kamfanin yankan katako. Shekarunsa a Elks sun fi shekaruna a duniya. Shi ya gayyace ni liyafar da aka shirya wa baƙon, wadda ita an yarda a zo da wanda ba mamba ba. Tun mako guda kafin ranar nake ganinsa yana fita da gwangwanin fenti a bayan motarsa. Na ce masa, "Baba, duk wannan wahala don mutumin da ba zai wuce awa uku a nan ba?"

Ya ce, "Ɗana, ai ba don shi muke yi ba. Shekara nawa muna cewa za mu gyara dakalin nan ba mu gyara ba. Da aka ce yana zuwa, ka ga an gama cikin kwana huɗu."

Da yammar ranar, shugabannin reshe suka jeru a bakin ƙofa cikin baƙar kwat, kowa da sarƙar muƙaminsa a wuya. Baƙon ya sauko daga mota, ya bi layi yana gaisawa da kowa, yana karanta sunan mutum a jikin bajon ƙirjinsa ya kira shi da shi. Aljihunsa cike yake da 'yan ƙananan bajo masu ɗauke da sunansa da taken shekararsa, duk wanda ya gaisa da shi sai ya danƙa masa ɗaya. Na ga tsofaffi da rigunansu suka cika da irin waɗannan bajo na shugabannin baya, har babu wurin soka sabo.

Kafin a zauna cin abinci sai ya nemi a kai shi kicin. Mata da maza 'yan sa kai ne a ciki, wasu tun safe suke tsaye a kan murhu. Ya tsaya ya tambaye su sau nawa suke dafa wa 'yan mazan jiya abinci a wata, da kuma wa ke biyan kuɗin cefane. Daga nan aka zagaya da shi bayan gini, inda ake tara fatun barewa. A lokacin farauta, cikin kaka, maharba kan kawo fatar abin da suka harbo su ajiye wa reshe. 'Yan ƙungiya su kankare kitsen, su barbaɗa gishiri, su jera su kan katako har a zo a kwashe zuwa majema. Da fatar ake ɗinka safar hannu marar yatsu, a raba kyauta ga tsofaffin sojojin da ke tura keken guragu, don kada tafin hannunsu ya ɗaye. Maƙwabcina ya ɗauko guda ya miƙa mini. Tana da laushi, an ninka fatar daidai inda hannu ke gugar taya. Baƙon ya tambayi adadin fatun bara da na bana, wanda ke biye da shi ya rubuta.

An leƙa da ni ɗakin zaman ƙungiya, tunda babu zama a lokacin. Tebur ne a tsakiya da Baibul da ƙahon dabbar a kai, tutar Amurka a gefe, kujerun shugabanni huɗu a ɓangarori huɗu. A bango an rubuta sunayen mambobin da suka rasu, layi-layi, tun daga farkon ƙarnin da ya wuce.

Bayan abinci aka shiga jawabai. Magajin gari ya yi maraba. Shugaban reshe ya karanto abin da suka yi a shekara: ɗalibai nawa suka taimaka wa, kwandon abinci nawa suka raba, mambobi nawa suka ƙaru. Aka kira wasu mutane aka ba su takardar yabo, ciki har da wata mata da ke kai tsofaffi asibiti da motarta. Kyautar da reshe ya ba baƙon takardar cakin kuɗi ce da sunansa, zuwa asusun gidauniyar ƙungiya. Jawabinsa bai yi tsawo ba. Ya yi godiya, ya faɗi inda jihar ta tsaya a jerin jihohi wajen ba da gudummawa, sannan ya roƙi kowa ya kawo mutum ɗaya ya shiga kafin shekara ta ƙare.

Akwai wata al'ada da ba sa tsallakewa idan taro ya kai dare. Ƙarfe 11 na yi sai kowa ya miƙe, a yi tsit, a buga ƙararrawa sau 11, wani ya karanta kalmomin tunawa da 'yan'uwan da ba sa nan, rayayyu da matattu. Shi ya sa agogon da ke jikin tambarinsu kullum yake kan ƙarfe 11. A daren nan baƙon aka ba wa wannan karatu, kuma da ka ya yi shi.

Inda kuɗin ke tafiya

Lissafin da ake karanta wa baƙo yana da tushe. A 1928 ƙungiyar ta kafa gidauniya ta ƙasa, wadda ake juya dukiyarta a riƙa aiki da ribar. Kowace shekara shugaba na ƙasa kan yanka wani ɗan adadi, 'yan daloli kaɗan a kan kowane mamba, ya ce shi ne abin da ake so kowane reshe ya kai. Reshen da ya cika wannan adadi yana da damar neman ƙarin tallafi daga gidauniyar don aiki a garinsa. Kuɗin na hawa sama ne ya sake gangarowa, shi ya sa babu reshen da ke son a karanto sunansa a ƙasan jeri a gaban baƙo.

Daga wannan gidauniya ake ba ɗalibai 500 tallafin karatun jami'a na shekara huɗu a kowace shekara, kuma ba sai iyayensu 'yan ƙungiya ne ba. Ita ke ɗaukar nauyin gasar jefa ƙwallon kwando ta yara masu shekara 8 zuwa 13, inda kowane yaro ke jifa 25 daga kan layi. Mutanen Oregon suna alfahari da wannan gasa, don a garin Corvallis wani mai suna Frank Hise ya fara ta a 1946, bayan ya lura manyan yara na danne ƙanana a fili. Ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1972. Shi kansa Hise ya riƙe kujerar shugaba na ƙasa.

Kowace jiha kuma tana da aikin da ta runguma. A Oregon, tun 1949 'yan Elks ke tallafa wa asibitin idon yara da ke jami'ar koyon likitanci a Portland, kuma a 2020 aka buɗe masa sabon gini mai ɗauke da sunansu. A California da Hawaii suna biyan masu gashin ƙashi da masu koyar da magana su bi yara naƙasassu har gida. A Florida suna da sansanin yara a garin Umatilla. Shugaba na ƙasa in ya zo jiha, da wuya ya tafi ba a kai shi ya ga irin wannan aiki ba.

Alaƙarsu da 'yan mazan jiya ma tsohuwa ce. A 1918 suka gina asibiti mai gado 700 a Boston don sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka miƙa wa gwamnati. A 1926 suka buɗe ginin tunawa da mambobinsu da suka yi yaƙin, a Chicago, kuma nan ne hedikwatarsu har yau. Tun 1911 suka wajabta wa rassa bikin ranar tuta, 14 ga Yuni, kafin Shugaba Truman ya sa hannu a dokar da ta tabbatar da ranar a 1949.

Tabon da ke tarihinsu

Baƙin mutum da ya shiga irin wannan zaure dole ya tuna wani abu. Shekaru da dama, tsarin mulkin ƙungiyar ya ce farar fata kaɗai ke shiga. Wannan ya sa a 1898 wasu baƙaƙen fata biyu, B. F. Howard da Arthur Riggs, suka kafa tasu ƙungiyar Elks a Cincinnati, wadda har yau tana nan da nata rassan da nata shugaban. Sai a 1973 aka cire sharaɗin launin fata, bayan matsin lamba daga kotuna da jihohin da suka fara barazanar janye lasisin giya da rangwamen haraji. Mata kuwa sai 1995 aka buɗe musu ƙofa, bayan kotun ƙolin jihar Utah ta yanke hukunci a kan wani reshe da ya ƙi karɓar wata mata.

Canza doka abu ɗaya ne, canza fuskokin da ke zaure kuma wani abu ne daban. A liyafar da na halarta, baƙaƙen fata ba mu da yawa ko kaɗan. Mata kam sun samu wuri sosai, rassa da dama yanzu su ke shugabantarsu, kuma mutanen reshen garinmu da kansu suka gaya mini da ba don shigowar mata ba da tuni an sa wa ginin kwaɗo. An karɓe ni hannu bibbiyu, an tanadar mini kifi da na ce ba na cin naman alade. Amma tarihin yana nan, kuma yana cikin dalilan da suka sa wasu iyalai har yau ba sa kallon ƙofar.

Abin da ya sa rangadin ya fi muhimmanci yanzu

Wajen 1980 mambobin Elks sun haura miliyan 1.6. Yau kusan rabin haka suka rage. Lambobin rassa sun wuce 2,800, amma waɗanda ke aiki ba su kai 2,000 ba, sauran an rufe su ko an haɗe su da maƙwabta. Ba su kaɗai abin ya shafa ba. Masanin nan Robert Putnam ya nuna a littafinsa Bowling Alone na shekarar 2000 cewa kusan duk ƙungiyoyin sa kai na Amurka sun yi ta raguwa tun bayan shekarun 1960. Dalilan a bayyane suke a garuruwa irin namu. Masana'antun katako sun rufe, matasa sun koma manyan birane. Miji da mata duk suna aiki, babu mai sararin zaman dare biyu a wata. Inshora da tallafin gwamnati sun ɗauke wani ɓangare na abin da ƙungiya ke yi wa gwauruwa da maraya a da. Talabijin da waya sun riƙe mutane a gida.

A irin wannan hali, takarda daga Chicago ba ta tsinana komai. Mutumin da ya shekara 30 yana wanke tukwane a kicin ɗin reshe ba tare da an biya shi ko sisi ba, abin da ke ƙara masa ƙarfi shi ne shugaban ƙungiya ya zo har inda yake tsaye, ya kira sunansa, ya tambaye shi yadda aikin ke tafiya. Shi ma shugaban yana ƙaruwa. Dabarar da ya gani ta yi aiki a wani reshe a Idaho, mako mai zuwa zai faɗe ta a Ohio. Ƙorafin da ya ji a wurare biyar daban-daban, ya san ba na mutum ɗaya ba ne, zai kai shi babban taro. Ga kuma jaridar gari, wadda ba ta cika kula da reshe ba, amma ranar da baƙo ya zo sai ta aiko mai ɗaukar hoto, mutanen gari su tuna akwai wurin.

Ni ɗan ƙungiyar ci gaban garinmu na asali ne a can gida, kuma muna da rassa a birane da dama har da ƙasashen waje. Mun fi 'yan Elks zumunci nesa ba kusa ba, don mu jini da maƙwabtaka suka haɗa mu, kuma in rasuwa ta faru ko gobara, kafin gari ya waye an tara abin da aka tara. Inda muke da rauni shi ne abin da ke biyo baya. Shugaba kan daɗe a kujera har a rasa mai iya tambayarsa, rassa su ne ke zuwa gaishe shi, kuma neman a buɗe littafin kuɗi ana ɗaukarsa rashin kunya ne ko zargi. Abubuwa uku na gani a Oregon da ba sa bukatar dala ko ɗaya: wa'adi gajere wanda kowa ya san ranar ƙarewarsa, wakilin da ke duba littafi kowace shekara ko da ba a zargin kowa, da shugaban da ke tashi ya je wurin ƙananan rassa da ƙafarsa. Na rubuta wa shugabanninmu wasiƙa a kan waɗannan ukun, na kuma nemi a sa su cikin abin da za a tattauna a taronmu na bayan Babbar Sallah.